Dam ɗin gonata kare ƙauye yake yi daga ambaliya, ko shi ne barazanar?

Tambaya: Injiniya, ina da gona a kudancin Jihar Katsina. Shekarun baya na sa katafila ta tare wata ƙorama da ta ratsa gonar, don noman rani da shayar da shanu, daga baya muka zuba kifi. Ganuwar ta ƙasa ce, tsayinta kamar mita 5 a tsakiya, tsawonta wajen mita 200, in dam ɗin ya cika ruwa yana kwanciya a kan fili kamar hekta 4. Kwalbati biyu muka saka a gefe don fitar da rara. Akwai ƙauye kamar kilomita 2 a gangare. Tun ambaliyar da ta faru a Maiduguri hankalinsu ya tashi, har sun kai ƙara wurin dagaci wai in fasa shi. Ni kuwa gani nake kare su ma yake yi, domin tun da aka gina shi ƙoramar ba ta ƙara cinye musu shuka a farkon damina ba. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Alhaji, sannu da ƙoƙari. Abin da ka gani da idonka gaskiya ne, tsoron mutanen ƙauyen kuma yana da tushe. Sai dai ba wata ɗaya kuke magana a kai ba. Kai Yuni kake nufi, su Agusta suke tsoro.

A farkon damina dam ɗinka kusan wayam yake. Rana ta ƙone wani, injin ban ruwa ya zuƙe wani, shanu sun sha saura. Ruwan farko da na biyu in suka sauko, maimakon su wuce gonakin gangare sai su tarar da rami su kwanta. Wannan kariya ce ta gaske, kada kowa ya raina ta. Amma ambaliyar da ke cin gida da rai a ƙasar nan ba a Yuni take zuwa ba. Tana zuwa ne da marka, daga Agusta zuwa Satumba, lokacin da ƙasa ta ƙoshi ba ta ƙara sha, dam kuma ya daɗe da tumbatsa. Dam ɗin Bagauda a Agustan 1988 ya ɓalle. Na Gusau a ƙarshen Satumban 2006. Ruwan dam ɗin Alau ya shiga Maiduguri a Satumban 1994, ya sake shiga a Satumban 2024. Randar da ta riga ta cika, ko ka kai ta ƙarƙashin indararo ba abin da za ta tare.

Bari mu yi lissafi da dam ɗinka, don maganar ta fita daga ra'ayi. Ba ka faɗa mini faɗin ƙasar da ke zubo masa ruwa ba, wato duk tudu da gona da hanyar da in an yi ruwa yake gangarowa cikin ƙoramar kafin ta iso gare ka. Yawancin masu irin dam ɗin nan ba su taɓa auna ta ba, alhali ta fi tsayin ganuwa muhimmanci. Mu ƙaddara hekta 500 ce, wanda ba wani abin mamaki ba ne ga ƙoramar da ta isa a tare. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan hekta ɗaya kubik mita 10 ne, kubik mita ɗaya kuwa lita 1,000 ne, jarka 40 ke nan. In aka kwana ana tafka ruwa ya kai milimita 100, abin da ya sauka a kan hekta 500 kubik mita 500,000 ne. Ba duka ke gudu ba, amma a tsakiyar marka kashi 40 cikin 100 na iya gangarowa ba tare da ƙasa ta sha ba. Kubik mita 200,000 ke nan suka nufo ka a dare guda.

To nawa dam ɗin yake ci? Tafkin da aka tare a kwari ba akwati ba ne, yana da zurfi a gindin ganuwa, yana ta raguwa har ya ƙare a bakin gaɓa. Shi ya sa muke yin ƙiyasin gaggawa da faɗin saman ruwa sau zurfi mafi yawa, a raba uku. Hekta 4 da zurfin mita 4 zai ba ka tsakanin kubik mita 50,000 da 60,000. Ka ga ko da babu ɗigo a cikinsa ranar, kwata ɗaya da ɗan wani abu na ruwan daren nan zai iya riƙewa. In kuwa a cike yake, abin da ya rage masa shi ne tazarar da ke tsakanin saman ruwa da kan ganuwa. In mita ɗaya ce, wajen kubik mita 45,000, kuma wannan tazara ba rumbun ajiya ba ce, ita ce ran dam ɗin.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka natsu. Ruwa ba a jere yake zuwa ba, yana da ƙololuwa. A ƙasa mai faɗin hekta 500, in ruwa ya yi ƙarfin milimita 50 a awa, ƙoramar na iya kawo kusan kubik mita 28 a kowace daƙiƙa. Kwalbati irin na zobe mai faɗin santimita 90, wanda aka fi sakawa, da ƙyar yake fitar da ɗaya da rabi a daƙiƙa, shi ma in bakinsa ba ya toshe da kara da reshe da leda. Biyu sun ba ka uku. Ashirin da takwas na shiga, uku na fita. Raba 45,000 da 25 ɗin da ke taruwa, za ka samu daƙiƙa 1,800. Rabin awa ke nan tsakanin dam lafiyayye da ruwa a kan ganuwa. Lambobin nan misali ne, injiniyan da zai zo wurin zai sa na gaskiya, suna iya fin haka sauƙi suna iya fin haka muni. Amma ban taɓa ganin ƙoramar da ta isa cika hekta 4 ba wadda kwalbati biyu suka ishe ta.

Ganuwar kankare tana iya jure ruwa ya bi ta kanta. Ta ƙasa ba ta iyawa, kuma yadda take mutuwa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ruwan yana fara tsallakawa ne a wuri mafi ƙasa, galibi tsakiya, inda ganuwar ta fi tsayi ta kuma fi zama bayan gini, ko inda shanu da babura suka yi turba. Da farko siriri ne, ko idon sawu bai rufe ba, mai gadi ma yana iya takawa ya wuce. Amma in ya gangara bayan ganuwar sai ya yi gudu, ya fara cizon ƙasa daga can ƙasa, ya yi ɗan mataki kamar na tsani. Matakin nan sai ya riƙa ja da baya yana hawowa, ƙasa na guntulewa tana faɗawa, har ya ci faɗin kan ganuwar ya iso bakin ruwa. Daga nan an gama. Kafar tana zurfafa, ƙarin ruwa na bi, gefe da gefe suna zubewa guntu-guntu. Ƙaramin dam yana iya amayar da cikinsa cikin abin da bai kai awa ba. A lissafinmu kubik mita 100,000 ne a ciki lokacin. In suka fita cikin rabin awa, fiye da 50 ke nan a daƙiƙa a matsakaici, ƙololuwar kuma ta fi haka nesa, a kan ambaliyar da dama take tafe. Wato ƙauyen da zai sha ruwan 28 a daƙiƙa in babu dam, wanda wataƙila gonaki kawai zai kwantar, sai ya sha ninki uku ko fiye, a dunƙule, da laka da itace, kuma sau da yawa cikin dare. Kilomita 2 ba tazara ba ce ga irin wannan ruwa.

Saboda haka abu na farko da dam ɗinka yake buƙata shi ne makwarara ta gaske, wato buɗaɗɗiyar hanya mai faɗi da rarar ruwa zai bi da kansa ba tare da an buɗe masa komai ba. A yanke ta a ƙasar asali a gefen ganuwa, ba a kan ƙasar da aka tara ba. Makwarara mai shimfiɗaɗɗen baki tana fitar da kimanin kubik mita 1.7 a daƙiƙa a kowace mita ta faɗinta in ruwan ya kai zurfin mita ɗaya a kanta. Don fitar da 28 kana buƙatar faɗin mita 16 zuwa 17, kuma bayan ruwan ya hau mita ɗayan nan dole a samu aƙalla rabin mita na busasshiyar ganuwa a sama, saboda igiyar ruwa da iska ke kaɗawa. Ka ga bakin makwarara zai kasance mita ɗaya da rabi ƙasa da kan ganuwa ke nan. Na san abin da za ka ce: ruwan noman rani zai ragu. Zai ragu. Ko dai a ƙara wa ganuwar tsayi yadda ya kamata, ko a haƙura da wani ɓangare na ruwan. Ko gwamnati ta taɓa haƙura: dam ɗin Tiga, wanda aka gina zamanin Audu Baƙo, a 1992 an rage tsayin makwarararsa da wajen mita uku da rabi saboda lafiyar ganuwar, aka yi asarar ajiya mai yawa da gangan.

Bakin makwarara a ɗaure shi da kankare ko dutse da siminti don kada ya zaizaye, a bi hanyar da ciyawa mai kama ƙasa ko duwatsu cikin ragar waya, kuma a kai wutsiyarta can nesa ta koma ƙorama. Na ga inda aka yi makwarara mai kyau amma aka sake ta daidai gindin ganuwa, ruwan da aka fitar don ceton dam ɗin ya dawo yana cin ƙafarsa.

Ka ce kun zuba kifi, to ga gargaɗi na musamman. Duk mai dam da kifi wata rana zuciyarsa za ta raya masa ya sa raga a bakin mafita don kada tarwaɗa ta gudu, ko ya jera bulo layi biyu ko buhunan yashi don ya ƙara ruwa kafin damina ta ɗauke. Ranar da ake sakawa ba a ganin aibu. Ranar babban ruwa ragar tana kama kara da kainuwa da reshe ta zama bango. Wannan kuskure ya tsufa. A Amurka a ranar 31 ga Mayun 1889 wani dam na ƙasa mallakar ƙungiyar attajirai, waɗanda suka saye shi don hutawa da kamun kifi, ya ɓalle a kan garin Johnstown ya kashe fiye da mutum 2,200. Sun rage tsayin ganuwar don keken doki ya samu hanya mai faɗi, sun sa raga a makwarara don tsare kifi, bututun rage ruwa na ƙasa kuwa an riga an cire su. Dam ɗin ya fi naka girma nesa ba kusa ba, amma kurakuran guda uku duk ina ganinsu a gonakinmu. In dole ne a tsare kifi, a kafa ragar can cikin tafkin, nesa da bakin makwarara, mai faɗi sosai kuma gajeriya yadda babban ruwa zai bi ta kanta.

Kada kuma ka dogara da ƙofa ko bawul da sai mutum ya je ya buɗe. Rahotannin Gusau na 2006 sun ce ƙofofin sun ƙi buɗuwa lokacin da ake buƙatarsu, aka yi asarar rayuka wajen 40. In wurin da ke da ma'aikata ya gamu da haka, ina ga gonar da mai gadi ɗaya ne, ƙarfe biyun dare, ana tsawa?

Hanya ta biyu da ganuwar ƙasa ke mutuwa ta fi wannan munafunci, domin ba ta jiran hadari. Kowace ganuwar ƙasa tana naso, wannan ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne ruwan da ke ratsawa ya fara ɗaukar ƙasa yana fita da ita. Yana farawa daga bayan ganuwa inda ruwan ke ɓullowa, ya riƙa ƙwaƙule ƴar hanya yana komawa ciki, har ta zama bututu daga tafki zuwa waje. Daga sama ba ka ganin komai, ciyawa kore shar, sai rana guda rufin ramin ya rufta. Dam ɗin Teton a Amurka, wanda injiniyoyin gwamnati suka gina, haka ya tafi a Yunin 1976 a cikawarsa ta farko, da rana tsaka, ba ruwan sama.

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. Ka zaga bayan ganuwar da safe lokacin da dam yake cike, ka nemi inda ƙasa ke da danshi ko inda ciyawa ta fi sauran kore, musamman gindin ganuwa, da inda ta haɗu da tudu hagu da dama, da kewayen kwalbatocin nan naka, domin ruwa yana son bin jikin bututu inda rola ba ta iya danne ƙasa sosai. In ka sami inda yake fita, tara shi a farar kwalba ka ajiye a inuwa. In garau yake kuma bayan awa guda ba abin da ya kwanta a gindin kwalbar, naso ne, a sa masa ido. A haƙa masa ƴar hanya ya bi ta guntun fayif, kowane mako a tara bokiti a duba agogo a rubuta daƙiƙa nawa ya cika. In ya kasance bokitin da ke cika a minti biyu ya koma minti ɗaya alhali ruwan dam bai ƙaru ba, akwai magana. In kuwa ruwan ya fito da duhu, ko ka ga laka ta kwanta a kwalbar, ko ka tarar da wuri yana ɓulɓulowa ya tara ɗan tsibin yashi kewaye da bakinsa, ko ka ga ruwan tafkin yana juyawa a wuri ɗaya kusa da ganuwa, to ganuwar ce take fita kaɗan-kaɗan. Ranar ba ranar jiran Litinin ba ce. A fara rage ruwa, a sanar da mutanen gangare, a kira injiniya. Kada a cusa taɓo a bakin ramin daga waje, ruwan zai nemi wata kafa ne da ƙarin ƙarfi. Abin da ake yi shi ne a rufe wurin da yashi mai tsabta, a bi da tsakuwa, a bi da duwatsu, yadda ruwa zai fita amma ƙasa ta tsaya.

Tambayar da zan yi wa wanda ya gina maka ita ce: an haƙa rami a ƙarƙashin ganuwar har aka tarar da ƙasa mai tauri, aka cike shi da yumɓu aka daddanne? Gindin ƙorama yashi ne, in aka tara ƙasa a kansa kawai ruwa zai bi ta ƙasa ya wuce. Kuma an zuba ƙasar ne shimfiɗa-shimfiɗa, kamar santimita 15 zuwa 20, ana yayyafa ruwa ana bi da rola, ko katafila ce ta turo tsibi ta hau ta sauka aka ce an gama? Sarƙar katafila an yi ta ne don kada ta nutse, saboda haka ba ta danne ƙasa kamar yadda mutane ke zato. Gangaren da muka saba bayarwa ga dam irin naka shi ne mita 3 a kwance ga kowace mita ta tsayi a ɓangaren ruwa, 2 zuwa 2 da rabi a baya, faɗin kai kuma kada ya gaza mita 3. Ka auna naka. Kan ganuwar ma ka sa magini ya bi shi da tiyon lebur daga wannan ƙarshe zuwa wancan, za ka sha mamakin yadda tsakiya ta zauna.

Sai abokan gaba na yau da kullum. Bishiya a jikin ganuwa, ko darbejiya ce ko bagaruwa ko turare, saiwarta ruwa take nema, in ta mutu ta ruɓe ta bar hanya. Ƙanana a cire su yanzu. Manya kada a sare su kawai a bar kututture, a rage ruwa da rani a tone saiwar a cike da yumɓu a danne. Gara ta fi bishiya haɗari a wajenmu, domin surin da ka gani a sama ƙaramin abu ne a kan ɗakunan da ta yi a ciki. Haka ramin gafiya da na damo. Ciyawa gajeriya irin ƙiri-ƙiri ita ake so a jikin ganuwa, a riƙa yanke ta don ido ya ga ƙasa. Jema kuma tana da kyau a gefen makwarara da inda zaizaya ke farawa. Shanu a yi musu mashaya a gefe, kada su hau ganuwa. Masu buga bulo da masu tifa kada a bar su su ɗebi ƙasa kusa da gindinta ko da kuɗi. Tsagewa kuma iri biyu ce: wadda ta bi tsawon ganuwa alamar gefe yana shirin zamewa, wadda ta gicciye ta daga ruwa zuwa baya kuwa hanya ce a buɗe, ta fi gaggawa.

Za ka iya cewa duk misalan nan na manyan dam ne, naka ƙarami ne. A ma'aunin duniya babban dam shi ne mai tsayin mita 15 zuwa sama, ko mai mita 5 zuwa 15 da ke riƙe fiye da kubik mita miliyan 3. Naka bai kusa ba, Alau kuwa an gina shi ne don ya riƙe sama da miliyan 100. Don haka in wani ya ce dam ɗinka zai yi abin da Alau ya yi, ya zarce. Amma haɗarin dam ba da girmansa kaɗai ake auna shi ba, ana auna shi da wanda ke kwance a ƙarƙashinsa. A daren 9 ga Mayun 2018 wani dam na ƙasa a cikin gonar ƴan kasuwa a Solai, yankin Nakuru na Kenya, ya ɓalle bayan mamakon ruwa, ya share gidajen da ke gangare, mutum kusan 50 suka mutu, da yawansu yara. Hukumar ruwa ta ƙasar ta ce ba shi da izini, aka gurfanar da masu gonar a kotu, aka kuma zuƙe sauran dam ɗin da ke gonar. Ƙananan dam masu zaman kansu sun fi manya yawan ɓallewa, don ba mai zane, ba mai dubawa, ba mai rubuta komai.

Ta fuskar shari'a ma nauyin a wuyanka yake. Akwai tsohuwar ƙa'ida da kotunan Najeriya suka gada daga Ingila, daga shari'ar Rylands da Fletcher ta 1868, wadda ita ma a kan tafkin wani mai masana'anta aka yi ta, da ruwansa ya ɓalle ya cika ramin haƙar kwal na maƙwabcinsa. Hukuncin shi ne wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa, in ya kuɓuce ya yi ɓarna, shi zai biya, ko da ƴan kwangila ne suka yi sakacin. Lauyanka zai ƙara maka bayani. Malamanmu kuma sun riga sun karantar da mu hadisin ba cuta ba cutarwa. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ba mai gona damar ɗibar ruwa don gida da dabbobi da ban ruwan gonarsa, amma tare ƙorama a ajiye ruwa wani mataki ne da ke iya buƙatar lasisi. Ka je ma'aikatar ruwa ta jiha da hukumar raya kogunan yankinku, a wajenku Sokoto-Rima ce ta fi yawan rinjaye, ka tambaya, ka kuma roƙi su turo injiniyansu. In ka ɗauko na kanka, ka tabbata mai rajista ne da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, kuma ya taɓa aikin dam, ba gini kawai ba. Rahotonsa a rubuce shi ne abin da za ka ajiye gaban dagaci, ba rantsuwa ba.

In kana so dam ɗin ya taimaka wa ƙauyen da gaske a kan ambaliya, hanya ɗaya ce: a bar masa wuri. A samu hanyar rage ruwa daga ƙasa, a riƙe shi mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ƙasa da bakin makwarara tun daga Yuli har ƙarshen Agusta, bayan kowane babban ruwa a sake saukar da shi, sannan a bar ruwan Satumba ya cika shi don rani. Saboda saman tafki ya fi faɗi, mita ɗaya da rabin nan ta sama ita ce mafi yawan ajiyar, wajen kubik mita 40,000 a lissafinmu. Ba za ta hana babbar ambaliya ba, kashi ɗaya cikin biyar ne na ruwan daren da muka ƙaddara. Amma tana haɗiye matsakaita, tana rage kaifin manya, tana kuma jinkirta isowar ruwa, jinkirin da zai ishi mutum ya kwashe yara da awaki. Kasadar ita ce damina ta ɗauke da wuri ka shiga rani da rabin dam. Hasashen damina da hukumar hasashen yanayi NiMet ke fitarwa a farkon shekara da na ambaliya da hukumar lura da ruwan koguna NIHSA ke fitarwa za su taimaka maka wajen yanke lokacin rufewa. Kuma ka sani ajiyar tana raguwa kowace shekara, domin lakar da ƙoramar ke kawowa a cikinsa take kwanciya.

Kada a yanka ganuwa don a saka sabon bututu alhali akwai ruwa. Abu mafi sauƙi shi ne zuƙo da fayif: a ɗora fayif na roba mai inci 4 ko 6 ya hau kan ganuwa ya sauka baya, bakin waje ya fi saman ruwa ƙasa, a cika shi da ruwa a buɗe, zai yi ta ja da kansa ba fetur. Guda uku ko huɗu suna aiki sosai cikin ƴan kwanaki. A zuba duwatsu inda suke zubarwa. In ba gaggawa ba, kada a sauke ruwan fiye da kamar ƙafa ɗaya a yini, domin gefen ganuwa da ya jiƙe in ruwan da ke tallafe da shi ya janye da sauri yana iya zamewa cikin tafkin.

Batun a fasa shi kuwa, ban goyi baya ba muddin ganuwar za ta gyaru, domin su ma mutanen ƙauyen suna cin moriyarsa: rijiyoyin fadamar da ke ƙasa da dam galibi sun fi daɗewa da ruwa, ga kariyar farkon damina da ka ambata. In injiniya ya duba ya ce ba ta gyaruwa, ko kuɗin gyaran ya fi ƙarfinka, to a fasa, amma da rani, bayan an zuƙe ruwan, a yanka faffaɗar kafa har gindin ƙorama, a kuma yi dabarar lakar da ta taru don kada ruwan farko ya kwashe ta ya binne gonakin mutane. Abin da nake tsoro shi ne fushi ya sa matasa su je da fartanya da dare a watan Agusta. Wannan shi ne ainihin bala'in da suke gudu, da hannunsu.

Shi ya sa nake ba ka shawara kada ka tsaya jayayya a fadar dagaci. Ka gayyace shi da mai unguwa da liman da wakilin matasa su zo su ga dam ɗin tare da injiniya, su ji abin da za a gyara da lokacin da za a gama. A kafa sanda mai alama a cikin ruwa inda ake hango ta da tocila: fari lafiya, rawaya mai gadi ya kira ka ya kira mai unguwa, ja kowa ya tashi. Jan ya fara tun ruwa yana saura rabin mita ya kai kan ganuwa, ba sai ya kai ba. Lambobin waya su kasance wurin mutum uku a kowane ɓangare, saboda sabis yana ɗaukewa daidai lokacin hadari, a kuma yarda cewa lasifikar masallaci ce za ta yi shela. A nuna wa kowane gida tudun da zai nufa da hanyar da ba ta ratsa ƙorama ba, a san gidajen da ke da tsofaffi da marasa lafiya. Mai gadinka ya kwana a gonar duk daren da aka yi ruwa mai ƙarfi daga Yuli zuwa Satumba, da tocila mai kyau da waya mai caji, kuma ka gaya masa a gaban shaidu cewa in ya tada gari ba abin da ya faru ba za ka yi masa faɗa ba.

In damina ta riga ta kama kafin ka samu injiniya, ka fara da abin da ba ya jira: a cire duk raga da buhu daga bakin kwalbatocin, a share su, a sa fayif a sauke ruwan aƙalla mita ɗaya, a cike turbar shanu da ke kan ganuwa, a kuma sa katafila ta buɗe hanya mai faɗi a ƙasar asali a gefe, nesa da jikin ganuwar, ko da ba a ɗaure ta da kankare ba tukuna. Kankaren ya jira kaka.